Kwamfuta Ba Ta San Kunyar 'Yar Fari Ba

A cikin buhun igiyoyin dabbobi kwamfutar ta shigo gidanmu. Ranar daga kasuwar Mai'adua maigidana ya dawo, yana warin awaki, ya zaro ta ya ajiye min a kan tabarma kamar wanda ya kawo tsarabar Makka. Laftof ce ta hannu, baƙa, an ɗaure gefenta ɗaya da salatif.

Ya ce, "Ga ta nan. Yanzu gidan da babu wannan an bar shi a baya."

Na ce, "To Malam, kai ka iya ta ne?"

Ya ce shi ina ya ga lokaci, ai shi ya sa ya haɗo da littafi. Ya sake sa hannu a buhun ya fito da wani littafi mai kauri, da hoton wata mata a bango tana dariya, hannunta a kan na'ura. Har yau ban gano abin da yake ba ta dariya ba.

Maigidana fataucin dabbobi yake yi. Ya saya a Mai'adua da Mashi, ya loda a mota ya yi Kudu, sai ya yi sati biyu ko uku ba mu gan shi ba. Ni kuwa a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, sai Islamiyya. Ina karanta Hausa a hankali, da yatsa. Turancina bai wuce na jikin kwalin magani ba. 'Ya'yana biyu, mace 'yar shekara shida a lokacin, da namiji ina goyo. Kuma ni mace ce mai fargaba, ban ɓoye ba. In yaro ya yi tari sau biyu, na fara lissafin hanyar asibiti.

Abin da ya sa kwamfutar ta zama dole shi ne wata makaranta da wata ƙungiya ta buɗe a bayan unguwarmu a nan Daura. Yara kaɗan suke ɗauka, kowa da kujerarsa, malamai suna zuwa kullum. Tun da na leƙa ta taga na ga yadda yara suke zaune, na sa a raina sai babbar tawa ta shiga. Ba na son ta tsaya inda na tsaya. Sai aka yi sanarwa cewa su makarantar zamani ce, ba sa karɓar takarda. Hoton yaro, takardar haihuwa da katin rigakafi, duk a zuba su cikin folda ɗaya mai sunan yaron, a sa a filashi, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, a kawo. Sati shida suka bayar.

Maƙwabta shagon masu kwamfuta na bakin kasuwa suka tafi. Ni maigida ya ce muna da tamu a ɗaki zan je in tsaya cikin maza? Ni ma na ji an ce a can an taɓa manna wa wani yaro hoton ɗan wani. Na ce a'a, da hannuna zan yi. Washegari ya bi motar shanu.

Na ɗauki littafin yadda aka koya mana ɗaukar littafi a Islamiyya. Ba a tsallake shafi. Sai ka haddace na yau ake yi maka ƙari. Na fara daga farko, wato tarihin kwamfuta. Na haddace cewa ta farko girmanta ya kai ɗaki guda. Na haddace zuriyarta, ta ɗaya, ta biyu, har ta biyar, kamar ana jero kakanni. Ina tuƙa tuwo ina bita, ina wanki ina bita. Kwana goma ina wannan, kwamfutar tana kan akwati, na lulluɓe ta da mayafina na zuwa biki don kada ƙura ta taɓa ta.

A babi na uku aka zo kan abin da littafin ya kira babbar manhaja, wadda take tafiyar da komai a cikin na'urar. Aka ce ita ce mahaɗa tsakanin mai amfani da kayan ƙarfe, mai kula da albarkatu da rarraba ayyuka. Wannan ma na haddace, har yanzu in aka tashe ni daga barci zan kawo shi. Amma ko za a yanka ni ban san wane ne mai amfani ba. Ashe ni ce.

Mutumin da ya rubuta littafin nan yana da wata kalma da yake ƙauna: kawai. Kawai ka danna nan. Kawai ka buɗe can. Abu ne mai sauƙi, kawai ka zaɓa. Duk inda ya ce kawai, nan ne zan kwana uku. Kuma "ka" yake cewa daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya bai yi zaton wata mai goyo za ta riƙe littafin ba. Hotunan ciki kuwa sun sha kwafi har sun gaji. Za ka ga baƙin akwati, an zana kibiya tana nuna wani wuri a cikin duhun, an rubuta a ƙasa: kamar yadda kake gani. Na bi shafukan nan kaf, babu inda ya faɗi yadda ake kunna ta. Ina jin a garinsu a kunne ake haihuwar su.

Da kaina na gano, kuma ba da niyya ba. Ina goge ta da tsumma sai hannuna ya danne wani ɗan maɓalli a sama. Ta yi haske, ta yi wani kuka. Na yi salati na rufe murfin, na goya yaro na fita tsakar gida. Sai da na ga babu hayaƙi na dawo.

Daga nan na shiga ajin mata da ake yi Asabar da Lahadi da safe a wata cibiya. Malamin saurayi ne mai tabarau, ba ya rabuwa da jakar kwamfuta, amma ranar da ya buɗe ta a gabanmu ƙosai ne a ciki. Kwamfutoci biyu ne a ajin, an rufe su da ƙyalle mai ado kamar kayan jeren amarya. Kullum babu wuta. Sai ya zana kwamfuta a allo da alli, ya nuna da sanda.

"Wannan mene ne?"

Mu haɗa baki, "Allon kwamfuta!"

"Ban ji ba."

"Allon kwamfuta!"

Da ya ga na zo da tawa, da cajinta, sai na zama 'yar gaban aji. In na tambayi abu sai ya ce, "Kawo in nuna miki." Ya jawo ta gabansa, yatsunsa su yi ta gudu kamar na mai yankan kuɓewa, abubuwa su buɗe su rufe, sannan ya turo min. "Kin gani ko?"

"Na gani, Malam."

Me zan ce? Mu ba a koya mana mu ce wa malami ba mu gane ba. Mu ashirin muka riƙa gani haka har aka gama.

Abu ɗaya ya koya mana da ya zauna min daram. Ya ce wani lokaci kwamfuta za ta fito da ɗan akwati ta yi tambaya da Turanci. "Kada ku tsaya wahalar da kanku. Ku danna na hagu, shi ne eh. Kwamfuta ba ta son gardama." Wannan ya yi min daidai, don ni ma ba na son gardama.

Na ɗauki hotunan takardun uku da wayata, Malam ya jona ta da kwamfutar ya zuba min su a ciki, ya rubuta min a takarda yadda ake yin folda, yadda ake adana hoto a ciki, da yadda ake turawa filashi. Na dawo gida bayan azahar, na kwantar da ƙaramin, na zauna. Na yi foldar lafiya lau. Sai ta tsaya tana ƙifta min, tana jiran suna.

A nan na maƙale.

Yarinyar nan 'yar farina ce. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, "ke" nake a wurinta har na yi aure. Ga shi kuma sunan surukata aka mayar wa yarinyar, Inna mahaifiyar maigida da take zaune a Sandamu. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Shekara shida ban taɓa furta shi ba. A asibiti ƙanwata ce take faɗa, ko in tura wata ta kusa da ni. Na duba littafin, na ce ko ya yi bayanin abin da mace za ta yi a irin wannan hali. Ya ce kawai ka rubuta sunan da kake so.

To sai na rubuta wanda nake so. Na rubuta: yarinyar nan.

Na buɗe hotonta na adana shi a foldar, shi ma aka nemi suna, na sa yarinyar nan. Na buɗe takardar haihuwa, na sa yarinyar nan, ai tata ce. Sai ɗan akwatin ya fito da tambayarsa. Na danna na hagu. Katin rigakafi ma haka, yarinyar nan, akwati, na hagu. Da na leƙa foldar katin kaɗai na gani, amma ban damu ba. Na san yadda ake jera takardu, na sama yana rufe na ƙasa. Na tura a filashi, na ƙulle shi a bakin zani.

Ranar Litinin na je makarantar. Layin mata har bakin ƙofa. Akawun wani ne mai furfura a gemu, yana zaune a bayan tebur yana karɓar filashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina ya soka, ya kalli allon, ya kalle ni, ya ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji.

"Yarinyar nan? Wace yarinyar? Baiwar Allah, duk layin nan kowa yarinyar nan ya kawo."

Mata suka kwashe da dariya.

"Kuma katin rigakafi ne kaɗai a ciki. Ina hoto? Ina takardar haihuwa?"

Na ce, "Suna ƙasansa."

"Ƙasan wa?"

Ya juyo min da allon. Babu komai a ƙasan. Ya zare filashin ya miƙo min, ya ce Alhamis ake rufewa, kuma wanda bai cika ba babu roƙo. Na fito. A hanya na gama yanke wa kaina hukunci: na'urar ta cinye takardun, na riga na goge na waya saboda ta cika, Malam sai Asabar, maigida yana Kudu, yarinya ta rasa makaranta, kuma ni na jawo.

Da na isa gida na huce a kan yaran. Ina cikin faɗa sai na ji murya ta kan katanga.

"'Yar nan, lafiya kike yi wa yara tsawa tun ɗazu? Wa ya mutu?"

Hajiya ce maƙwabciyarmu. Dattijuwa ce, ta yi shekaru tana aiki a ɗakin kati na asibiti kafin ta yi ritaya, yanzu zoɓo take sayarwa. Ban taɓa haɗa ta da kwamfuta a raina ba. Ashe a shekarunta na ƙarshe a wurin aiki an kawo musu, ta koya da tsufanta. Ta zagayo ta shigo, na ba ta labari ina share hawaye.

Ta ce in kawo littafin. Ta juya shi, ta buɗe tsakiya, ta auna nauyinsa a hannu. Sai ta ɗaga bayan kwamfutar ta tura shi ƙarƙashi. "Yawwa. Ta riƙa shan iska." Sannan ta ce in ba ta gyaɗa ta ɓare.

Na ce, "Hajiya, gyaɗa kuma?"

"In hannuna ya zauna banza kan na'urar zai tafi. In kuwa na taɓa, ni na koya, ba ke ba. Matso. Me kike son yi?"

Sati biyar ina fama, babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce ina son takardu uku su shiga wuri ɗaya. Ta ce to shi za mu yi, tarihin kakannin kwamfuta ya jira.

Na fara kawo mata haddar babbar manhaja don ta san ban yi wasa ba. Ta bar ni na kai ƙarshe. Ta ce, "Masha Allah. To ajiye wannan. Mai aiki ce a cikin gidan, ita ta san inda aka ajiye komai. Ba ta mantuwa, ba ta sata, amma ba ta da wayo ko kaɗan. Ba ta gane fuska, suna kawai ta sani. In kika ba abu biyu suna ɗaya a ɗaki ɗaya, sai ta rikice ta zo ta tambaye ki. Sake yin abin da kika yi in gani."

Amma na ce hotunan sun tafi. Ta ce in kai kibiyar gefen hagu, in danna inda aka zana ɗan hoto. Na danna. Ga su nan su uku, inda Malam ya zuba su tun farko, babu abin da ya same su. Har da hoton wani rago da mai kwamfutar na da ya bari. Na dafe ƙirji.

Na sake adana takardar haihuwa da sunan yarinyar nan. Akwatin ya fito. Hannuna ya tafi hagu da kansa.

"Tsaya! Kin san me ta ce?"

"Malam ya ce ba ta son gardama."

"Malam ɗin gidanku. Cewa ta yi, akwai wani mai wannan sunan a ciki, in zubar da shi in sa wannan? Ke kuma sau biyu kina ce mata zubar. Danna na dama."

Na ce ba za ta lalace ba? Ta ce in ta lalace ita za ta yi wa maigida bayani. Na rufe ido na danna. Akwatin ya tafi abinsa, ko fushi bai yi ba.

Daga nan ta sa ni na goge ragon da gangan. Na yi salati. Ta nuna min kwandon sharar kwamfutar da baki, na buɗe, ga rago a ciki, na dawo da shi. Ta ce in sake. Sau huɗu ina jefa ragon nan ina ɗaukowa, sai da ta ga na daina salati sannan ta ƙyale ni. Ta ce wanda bai san hanyar dawowa ba ba ya yarda ya taɓa komai, kuma su masu littafi ba sa faɗar wannan saboda su a littafi ba sa kuskure.

Na yi ta tunanin wannan daga baya. Da za a ce in rubuta wa mata irina littafin koyo, shafin farko hoton maɓallin kunnawa ne, babba, da bayanin cewa za ta yi kuka kuma ba komai. Shafi na biyu yadda ake gyara ɓarna. Tambayoyin da take yi da Turanci duk in fassara su, in faɗi inda ake cewa a'a. Duk wanda ya rubuta kawai a ciki a ci shi tara. Kuma sai na sa an zaunar da marubucin kusa da mai goyo, an ba shi gyaɗa.

Muka sa wa hotunan suna: hoto, haihuwa, rigakafi. Saura foldar. Na tura wa Hajiya kwamfutar.

"Hajiya, don Allah wannan ke za ki rubuta min."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Na sha fama da irinku a tagar kati. Mace ta zo da yaro jikinsa kamar wuta, a ce sunansa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Sai an bi layi ana neman wadda ta san gidansu. Ni ma ban faɗin na babban ɗana, kada ki ga kamar ban sani ba. Amma yau in rubuta miki, gobe fa? Makarantar nan kullum cikin cike-cike suke. In ba na nan sai ta zauna a gida?"

"Sunan Inna ne fa, Hajiya."

"Na sani, ina wurin aka raɗa. An ce ki faɗa ne? Bakinki a rufe yake. Yatsa ne. Ga shi na juya."

Ta juya min baya da farantinta, tana fuskantar bango. Na leƙa ƙofa, kamar surukata za ta taso daga Sandamu ta yi sallama a daidai lokacin. Yarinyar tana tsakar gida tana yi wa ƙaninta wasa. Na nemo harafin farko, na daɗe ina nema duk da yana gabana. Na danna. Na nemo na biyu. Da na gama na zauna ina kallon sa. Ban taɓa ganin sunan daga hannuna ba. Suna ne mai kyau, ashe.

"Kin gama ko in kwana a haka?"

Na ce na gama. Ta ce in rufe foldar in sake buɗewa in ƙirga. Uku. Na tura a filashi, ta sa na zare na mayar na sake ƙirgawa. Uku.

Ban jira Alhamis ba, Laraba da sassafe na tafi. Akawun ya gane ni. "A'a, uwar yarinyar nan ce." Ya soka filashin, ya buɗe, ya gyaɗa kai. Sai ya danna wani abu, injin da ke gefensa ya fara turo takardu. Ya buga duka ukun a takarda, ya haɗa da allura, ya sa a fayil na kwali mai igiya, ya ɗora a kan tulin wasu. Asalin takardun suna cikin jakata tun daga gida, da ya tambaya da na miƙa masa tun sati shida da suka wuce.

Ya jawo rajista ya cire murfin biro. "Sunan yarinya?"

Na miƙa hannu ta kan teburin na ɗora yatsa a allon, daidai kan foldar. Ya bi yatsan da kallo, ya karanta da ƙarfi, ya rubuta.

Bayan sati biyu aka manna sunayen waɗanda aka ɗauka a bangon ofis. Na je da goyona, na kutsa cikin mata, na fara bi daga sama a hankali. Tawa ce ta goma sha ɗaya. Na koma gida da sauri don in auna ta a ɗinka mata kayan makaranta, telan unguwarmu ba ya cika alkawari kuma saura kwana tara a fara.